Ranar da na je ta'aziyya ba da izinin kamfani ba

Tafinta na koma bayan na bar aji. Na yi shekaru ina koyar da Ingilishi a wata sakandare kafin in gane cewa abin da nake yi tsakanin littafi da yara, a kan albashin da ba ya kai ƙarshen wata, akwai masu biya da tsoka a yi musu shi tsakanin Bature da manomi. Sai dai a Abuja ba a zuwa wurin masu biyan kai tsaye. Akwai kamfanoni a tsakani. Su ke karɓo aikin daga ƙungiyoyin agaji, su kira irinmu da ba ma'aikatan kowa ba, mu yi maganar, su karɓi kuɗin.

Kamfanin da na faɗa hannunsa na wata mata ne da kowa ke kira Madam. Ta iya Hausa irin ta Abuja, wadda namiji kan koma mace a tsakiyar jimla ba wanda ya damu. Kwantiraginta shafuka ne masu yawa, kuma na karanta su tas. Sharuɗɗa biyu ne masu haƙora. Na farko, ba za a biya ni ba sai masu aikin sun biya kamfani, ba a kuma faɗi yaushe ba. Na biyu, in ban da cikin wurin taro, an hana ni hulɗa da masu aikin ta kowace hanya; idan na yi, kamfani zai sallame ni nan take, ya riƙe duk abin da bai riga ya biya ni ba. Na tambayi Madam ko za a ɗan sassauta.

"Malam," ta ce, "akwai mutane a waje suna jiran wannan biro."

Na leƙa. Da gaske akwai. Na sa hannu.

Babban aikin da na samu shi ne wata doguwar bita a Gwagwalada, inda wata ƙungiyar agaji ke koya wa manoma yadda ake adana hatsi, abin da kakanninsu suka gama sani tun kafin a ƙirƙiro bita. Makonni muka yi. Mai kula da shirin daga ɓangaren ƙungiyar wani matashi ne Bakatsine, mai fara'a, mai gaggawa, wanda ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce shi. Tare muke salla a bayan zauren taro, tare muke cin shinkafar da ake rabawa a roba. Duk wannan cikin wurin taro ne, saboda haka halal ne a shari'ar Madam.

Da wannan aikin na lissafa zan biya hayar gidanmu na Lugbe, wadda ake biya shekara guda a dunƙule. Aka gama bita, azumi ya zo ya wuce, aka yi salla, shiru. Duk sanda na kira Madam amsa ɗaya ce: "Kuɗin bai zo ba, Malam. In ta zo zan kira ka." Shi kuwa ejan ɗin mai gida ya fara da gaisuwa a waya, ya koma gaisuwa a bakin ƙofa, daga baya ya zo da wani mutum yana nuna masa tagogin gidan ina tsaye. Ya ba ni zuwa ƙarshen wata.

A cikin wannan hali ne labari ya zo a zauren wasof na bitar cewa mahaifiyar Bakatsinen ta rasu, ana zaman makoki a gidan yayansa a Kado. Na karanta, na yi salati, sai kuma na tsinci kaina ina tunanin kwantiragi. Na faɗa wa matata. Ta ajiye wuƙar da take yanka alayyahu ta dube ni.

"Yanzu ta'aziyyar ma sai an nemi izini? To ka tambayi Madam ɗin ko gaisuwar asuba da kake yi mini tana cikin takardar."

Duk da haka na kira Madam, don kada a ce na yi a ɓoye. Ta saurare ni da kyau, har ta ce ayya. Sannan ta ce in rubuto ta'aziyyar ta imel, kamfani zai isar a madadina.

Na yi ƙoƙarin hango yadda ake isar da "Allah ya jiƙanta" ta hannun sakatariya. Mutumin da muka haɗa kafaɗa da shi a sahu, uwarsa ta mutu, in aika masa da takarda mai tambarin kamfani. Na ce wa Madam na ji. Washegari da hantsi na sa babbar riga na hau mota zuwa Kado, na yi wa kaina alkawari: in gaisa, in yi addu'a, in tashi. A makoki ba a maganar aiki, kowa ya sani. Wa zai kai wa Madam labari?

An kafa rumfa a ƙofar gidan, an shimfiɗa tabarmi, iska na kawo ƙarnin kasuwar kifin unguwar jefi-jefi. Bakatsinen yana zaune tsakanin yayansa da wani dattijo da na fahimci kawunsu ne. Ya rame, idanunsa sun yi ja. Na durƙusa, na ba shi hannu, aka yi addu'a aka shafa. Ya ce, "Malam, har da kai? Allah ya ba da lada." Na ce ya haƙuri. Na zauna kaɗan a gefe kamar yadda ake yi, ina shirin miƙewa.

Sai kawun ya ɗaga murya ya maimaita abin da ake faɗa a irin wannan zama: duk wanda ya san yana bin marigayiya wani abu, komai ƙanƙantarsa, ya zo ya faɗa, kada a bar ta da nauyi. Ya ƙara da nasiha, cewa haƙƙin mutane ba ya bin iska, kuma mu rayayyu mu ma mu duba wuyanmu tun da sauran numfashi. Na ga maganar ta shiga Bakatsinen. Ya waiwayo gare ni.

"Malam, mu dai ba ka bin mu komai ko? Tun kafin azumi na sa hannu aka tura wa kamfaninku kuɗin."

Tun kafin azumi. Da a ofis ne da na ce lafiya lau, na wuce. Amma a kan tabarmar makoki, bayan abin da dattijo ya gama faɗa, gaban mutane, bakina ya ƙi ƙarya. Gaskiyar kuma ta fi ƙarfin aljihuna. Sai na nemi tsakiya, na ce, "Ai komai lokaci ne."

Tsakiyar ba ta ɓoye komai ba. Fuskarsa ta canza.

"Ba su ba ka ba?"

"Bari wannan, ba yau ba. Don Allah."

"Inna lillahi. Makonni kana tsaye kana magana har muryarka ta dushe!" Hannunsa ya riga ya shiga aljihu.

"Ƙanena, don girman Allah ajiye wayar nan. Za mu yi magana daga baya."

"Ƙyale shi, Malam," in ji kawun, yana dafa gwiwata. "Alheri zai yi. Ladan ya kai wa uwarsa."

Ta yaya zan fizge waya daga hannun wanda aka binne mahaifiyarsa jiya? Ta yaya zan tsaya ina yi wa masu makoki bayanin sharaɗi na biyu? Ina zaune ina kallo ya kira Madam, ya gaya mata abin da ya gaya mata, cikin Ingilishi mai kyau wanda da a aji ne da na ba shi maki. Ya rufe da cewa, "Ga shi nan zaune kusa da ni." Mutanen rumfa suka yi ta sa masa albarka. Ni ma na ce amin.

Ban kai bakin titi ba saƙo ya shigo: in zo ofis gobe da safe.

Madam ba ta ɗaga murya ba. Ta sa aka kawo mini ruwa mai sanyi, ta buɗe kwantiragin a daidai shafin, ta juyo shi gare ni.

"Malam, na ce kar ka je. Ka je. Kuma yaron nan ta kira ni tana zagina."

"Ta'aziyya na je, Madam, ba neman aiki ba. Kuma shi ya ce an biya ku tun kafin azumi."

"A ina ka ji?"

"A wurinsa."

"To ka gani."

Na gani. Hujjar da ke nuna sun ci mini haƙƙi ita ce hujjar da ke nuna na karya sharaɗi, kuma ba ni da wata hanyar sanin ta farko sai ta aikata ta biyu. Wanda ya tsara takardar nan ya san aikinsa. Na so a ce ɗalibina ne. Na ce zan nemi lauya. Ta ce bismilla, ta nuna mini wani sakin layi da ya ce duk wata jayayya sai a gaban mai sasanci a Legas, kowa da kuɗin motarsa da na lauyansa. Sannan ta jingina da kujera.

"Amma ni ba mugu ba ne. Oga ya ce a riƙe duka, ni na roƙa maka." Ban taɓa jin akwai wani oga a samanta ba sai ranar. "Rabi. Yau ɗin nan zai shiga asusunka. Ka sa hannu ba ka bin mu komai, kuma ba za ka sake magana da mutanen nan ba. In ba ka so, ƙofa a buɗe yake."

Na dubi takardar. Na tuna mutumin da ya zo duba tagogi. Ƙarshen wata saura 'yan kwanaki, Legas kuwa ba a san ranar dawowa ba. Na ce ta ƙara wani abu a kan rabin, na ji muryata tana yin ƙasa kamar mai cinikin tumatir da yamma. Ta girgiza kai. Na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnani, gumi yana bin bayana. Na sa hannu.

Daga nan wurin ejan na wuce, na roƙe shi ya karɓi hayar wata shida. Ya kira mai gida a gabana, ya sa a lasifika don in ji da kunnena: shekara ko makulli. Rabin nan dai ya ishe mu ɗaki biyu can cikin unguwa, bayan inda kwalta ta ƙare, inda ruwa sai an saya a kura.

Ranar da muke tashi, ina riƙe da ƙafar gado ana ɗora shi a bayan a-kori-kura, Bakatsinen ya kira. Matata ta ga sunan a fuskar wayar, ta miƙo mini. Muryarsa ta ɗan warware. Ya ce yana ta so ya ji, sun biya kuwa?

Na ce an biya.

"Alhamdu lillahi! Ka ga amfanin magana, Malam. Mutanen nan sai an nuna musu ido."

Na ce haka ne, Allah ya jiƙan Hajiya. Direba ya danna hon, ya ce in zo in riƙe katifa kada ta zame a hanya.