Takardar Cingam a Cikin Sarauniyar Tafki

Leland Prusak ba ya shiga gini sai ya fara duba inda ƙofar fita take. Shekara arba'in da ɗoriya na san shi a nan garinmu Racine, gidansa na kallon nawa, kuma ko coci muka je, kujerar ƙarshe yake zama, kusa da jan tulun kashe gobara. Mutane na yi masa dariya. Ni ban taɓa yi ba, don na san dalili.

Yana da shekara goma sha bakwai ya kama aiki a wata masana'anta a Chicago inda ake ƙera injin finbol, teburin nan mai rufin gilashi da ƙwallon ƙarfe ke gudu a ciki kana mayar da ita sama da 'yan hannaye biyu. Dalma yake narkawa yana haɗa wayoyi daga safe har yamma. Da hannunsa ya faɗa, aka ba shi mota da jakar kayan aiki, yana bin mashaya-mashaya yana gyaran waɗanda suka lalace.

Masu gyara na wancan lokaci suna da wata muguwar ɗabi'a. Kowane inji yana da fis, ɗan gilashi kamar guntun fensir, aikinsa shi ne ya ƙone kansa in wuta ta yi yawa, don kada injin ya kama. To in fis ya ƙone ran Juma'a, ba ka da wani a jaka, mai mashaya na tsaye a kanka yana masifa, sai ka zaro takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin sigari, ka naɗe mataccen fis ɗin ka mayar. Inji ya tashi. Ka ce Litinin za ka dawo da sabo. Kowa ya yi.

Leland ya yi a mashayar wani Dombrowski. Ran Lahadi da rana koyil ɗaya, wato naɗin wayar da ke motsa hannayen injin, ya maƙale, ya yi ta ɗaukar zafi, babu abin da zai yanke masa wuta. Rabin mashayar ya ƙone. Dombrowski ya koma ciki ɗauko karensa, ya kuma fito da shi, amma hannunsa na dama bai sake buɗewa sosai ba har ya mutu. Aka ce tsohuwar wayar bango ce. Leland ya san ba ita ba ce. Sai bayan shekara ashirin ya gaya mini, muna zaune a garejinsa, bai ko kalle ni ba.

Tun daga ranar ya bar sigari ya koma cingam. Ya samo wani gwangwanin biskit ya cika shi da fis iri-iri, duk inda za shi yana hammatarsa. Da ya yi ritaya ya shiga sayen matattun injuna yana tayar da su, sai 'yan taronmu na masu son finbol suka sa masa suna Baba Fis.

Taron nan duk watan Oktoba ake yinsa, a babban zauren da ake baje kolin amfanin gona. Kowa ya kawo abin da ya gyara, a jera su sahu-sahu, sun fi ɗari uku, a buɗe su kowa ya buga kyauta, yaro da babba. Ran Juma'a da ake jerawa, Leland zai bi su ɗaya bayan ɗaya da tocila, yana cewa a buɗe masa ya ga fis. Wasu su yi tsaki, amma su buɗe. Akwai kuma dokar da ba a rubuta ba: muddin ƙwallon mutum na gudu, ba ka yi masa magana, ba ka taɓa injinsa, ba ka ko jingina kusa. Na ga an daina gaisawa shekara uku a kan wannan.

Bara ya kai inji ɗaya tak. A rumbun wani manomi ya samo shi, ɓeraye sun yi gida a ciki, sun cinye rabin wayoyin. A gilashin baya akwai hoton wata mace tana tuƙa kwalekwale, sunan injin Sarauniyar Tafki. Wata goma sha ɗaya ya yi a kanta. Ni direban motar siminti ne a da, ban san komai a waya ba, nawa riƙe fitila da miƙa sukudireba. Na gan shi ya ɓata mako biyu yana goge 'yan ƙarafa da buroshin haƙori. Ran da ƙararrawarta ta fara bugawa, sai ya zauna a kan bokiti yana saurare.

Ran Asabar aka buɗe ƙofa ƙarfe goma. Jama'a suka cika, muka ga layi ya kafu a gaban Sarauniya, sai muka fita cin abinci a wani ɗan gidan abinci mai tafiyar minti ashirin. An kawo mana ƙwai da soyayyen dankali. Leland ya sa hannu a aljihun jakitinsa neman maganin hawan jini, sai na ga ya tsaya. Ya fito da hannun a hankali. Sabon fis ne a tafinsa, da cingam guda ɗaya tsirara, babu takarda.

Fuskarsa ta koma kamar toka.

Na ce, "Mutumina, lafiya? Zuciyar ce?"

Ya ce, "Orville, ran Laraba. Ka tuna fis ɗin Sarauniya ya ƙone da nake gwaji?"

"Na tuna. Ai ka canza."

"Ban canza ba. Naɗe shi na yi da takardar cingam, na minti ɗaya kawai, don in gano koyil ɗin da ke zafi. Na gano, na gyara shi. Sai Paulette ta kira a waya." Paulette 'yarsa ce. "Na rufe injin, Orville. Na kulle."

"Amma jiya ka duba na kowa."

"Na kowa. Ban duba nawa ba."

Kuɗin abincin ma ban san nawa na ajiye ba. Muka faɗa akori-kurata. Na ce ya kira Merle, shugaban taron, ya kashe injin kawai. Garin sauri wayar ta faɗi ƙasan kujera. Da ya ɗauko ya kira, ta yi ta ringi. Wa zai ji waya a cikin injuna ɗari uku suna ƙararrawa lokaci guda? Ya kira mutum huɗu. Babu wanda ya ɗauka.

Ni ba mai gudu da mota ba ne, amma ranar na taka. Leland na ta lissafi da ƙarfi kamar mai zazzaɓi. Injunan katako ne, busasshen katako mai shekara hamsin da fenti. An jera su baya da baya. Sarauniya tana sahu na shida, nesa da ƙofa. Ƙofofin gefe an tare su da akwatuna. Yara sun fi ɗari.

Na ce, "Ai ka ce ka gyara koyil ɗin."

Ya ce, "Na Dombrowski ma ca nake na gyara."

A mararrabar jirgin ƙasa aka sauke mana shinge. Tarago sittin da biyu, na ƙirga, don in ban ƙirga ba zan yi ihu. Leland ya buɗe taga yana shinshina iska, yana kallon sama ta wajen zauren ko zai ga hayaƙi. Can nesa muka ji jiniya. Ya damƙi hannuna har sai da farcensa ya shiga. Motar asibiti ce, ta bi wata hanyar.

Da muka iso babu hayaƙi. Ban kashe motar da kyau ba ya dira. Mutum mai shekara saba'in da huɗu, gwiwa ɗaya ta ƙarfe, yana ture jama'a yana ba da haƙuri.

A gaban Sarauniya mutane sun yi da'ira, shiru kamar ana addu'a. Darlene ce ke bugawa, tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya, abokiyar tsokanarsa ta shekara da shekaru. Lambobin makinta sun kusa ƙure ma'aunin su zagayo sifili, abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta, kuma ƙwallonta ta ƙarshe ce.

Ni ban ji komai ba. Leland ya ji. Hancinsa ya buɗe, ya ce, "Yana ƙonewa."

Wani ya riƙe masa kafaɗa ya raɗa, "Haba Baba Fis, ƙwallo na gudu."

Darlene ba ta ɗago ba ta ce, "Tsoho, in ka matso kusa da ni sai na karya maka ɗaya gwiwar."

Na ga ya tsaya kamar na daƙiƙa biyu. Sai ya durƙusa, ya rarrafa ƙarƙashin injin tsakanin ƙafafunta, ya fizge fulogi.

Fitilu suka mutu. Aka ji ƙwallon ta gangara ta faɗa rami, ƙwal. Duk sahun nan ya ɗauki "Kaaai!"

"Ka haukace ne?" in ji Darlene. "Leland, ka san abin da ka yi mini? Shekara talatin nake jiran wannan!"

Ya zaro makullin injin. Ya miƙo mini, ni na buɗe. Muka zare gilashi, muka ɗaga allon wasan. Hayaƙi ya taso, siriri, mai ɗaci. Koyil ɗaya ya yi baƙi ƙirin, rigarsa ta narke tana ɗiga, katakon da ke samansa ya fara yin ja a gefe. Merle ya iso da tulun kashe gobara ya fesa. Wata mata ta ja 'ya'yanta biyu baya.

Merle ya ce, "Me ya hana fis ɗin yankewa?"

Da Leland ya yi shiru, da an ce tsufan inji ne. Na san ya san haka. Ya sa yatsu biyu ya zaro fis ɗin, ya ɗaga shi sama, takardar cingam na ƙyalli, kowa na gani.

Ya ce, "Ni na sa. Ni na manta. Kuma ba yau na fara ba."

Ba wanda ya yi dariya. Darlene ta dubi takardar, ta dubi katakon, ta dubi inda yaran nan suka tsaya ɗazu. Ta zauna a kan wani akwati.

Can ta ce, "Baba Fis da kansa. To mu kuma ina za mu sa kanmu?" Ta goge fuska. "Ka gyara ta. Baɗi ni zan fara bugawa, kuma in ka sake rarrafowa ƙarƙashina sai ka aure ni."



Sarauniya tana garejinsa yanzu, ya sa sabon koyil, ya bar tabon ƙunar bai fente ba. Fis ɗin nan mai takarda ya manna shi a cikin murfin gwangwaninsa. Tsoron bai bar shi ba, ƙaruwa ma ya yi, don yanzu ba ya yarda da kansa. Duk injin da ya gama, ba ya kullewa sai ya ƙetaro titi ya buga mini ƙofa. In sa tabarau, in ɗauki tocila, in leƙa. Har yau ban san komai a waya ba, amma na san bambancin gilashi da takarda. In ce masa gilashi ne. Ya ce in sake dubawa. In sake. Sannan ya miƙo mini makullin, ni in kulle.