Gujiyar da Na Kaɓe Daga Hannun Inna

Ni ne malamin lakwal, wato makarantar boko, na garinmu, kusa da Babankatami. Mutane suna ce mini mushe, wato malam da Faransanci, kuma a lokacin kaina ya kumbura da wannan suna.

Ɗiyata ta fari tana wata shida, kumatunta duk ƙuraje masu ƙaiƙayi, anka fara tugar gujiya, wadda wasu ke ce ma gyaɗa. A gidanmu Inna, uwar da ta haife ni, ita ke fara sa ma kowane jinjiri abinci a baki. Takan soya gujiyar bana, ta dake ta luƙui, ta dama da ɗan kunu, ta lakata da yatsa ta shafa ma yaro a harshe. Haka ta yi mini, haka ta yi ma ƙannena da ɗiyansu.

Ni kuwa ai na yi karatu! Na hau tudun bayan lakwal inda rezo na waya ke kamawa, na tambayi tarho batun ƙurajen. Wani shafi ya fito da hoton likita cikin farar riga, ya ce yaro mai irin wannan fata kada ya ɗanɗana gujiya sai ya shekara uku. Ban duba wanda ya rubuta ba, ban duba yaushe ba. Faransanci ne mai kyau, ba kuskure ko ɗaya, shi ke nan na yarda.

Na iske Inna bisa tabarma, ɗiyar a cinyarta, yatsa ya kusa baki. Na kaɓe hannun, ƙwaryar ta kife.

"Inna, kashe ta za ki yi? Wannan jahilci ya ƙare a gidan ga!"

Matata na nan, maƙwabta biyu na nan. Inna ta goge yatsan a zane, ta miƙa ma matata yarinyar, ta ce, "To, mushe." Ba ta taɓa kirana haka ba. Daga ranar ko ruwa ba ta sake ba ɗiyata ba.

Yarinyar ta haura shekara biyu, sai ta samu ƙuli-ƙuli gidan maƙwabta ta ci. Leɓɓanta sunka kumbura, borin jini ya rufe ta, numfashi yana fita da ƙyar. Na ɗauke ta a moto zuwa wurin majo, mai kula da asibitin garinmu, ya yi mata allura, Allah ya sa da sauran kwana. Ni kuma da munka dawo gida na tsaya ƙofar ɗakin Inna na ce, "Kin gani ko?" Wallahi wannan maganar ta fi ci mini rai har yau.

Da munka samu namiji, ƙurajen sunka fito mishi shi ma. Na kai shi Madawa wurin wata likitar yara, ina ta cika baki cewa gidana ba a ba jinjiri gujiya. Ta ce wa ya gaya mini. Na buɗe mata shafin. Ta ja shi har ƙasa, ta nuna mini shekarar da anka rubuta shi, da ƙananan baƙaƙe.

"Mushe, wannan shawara an janye ta tun ba ka yi aure ba."

Ta nuna mini inda likitocin yara ke buga bincikensu, kowane da sunan masu shi da shekararshi. Ta ce abin da anka gano shi ne hanin ke ƙara hatsari. A fara ba yaro da wuri, an dake ta luƙui, kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Abin da Inna ke yi ke nan, ba ragi ba ƙari.

Na ce, "Ke nan ni na jawo ma ɗiyata?"

Ta ce, "Ba zan rantse ba. Wataƙila ko an ba ta da ta kamu. Amma dai ba ka kare ta ba."

A gabanta anka ba yaron lomar fari, munka zauna jira, bai yi ko atishawa ba. Ta ce mu ci gaba a gida, nesa da kwanon yayarshi, don ita kam yanzu gujiya ta zame mata haram.

Kuma haka take. Ɗiyar gidan manoman gujiya, ranar kasuwa sai an riƙe mata hannu kada wani ya ji tausayinta ya ba ta ƙuli-ƙuli. Shafin nan kuwa yana nan, da likitanshi mai farar riga, ba wanda ya taɓa shi.

Na soya gujiya da kaina, na sa matata ta daka, na ɗauki yaron da ƙwaryar na tafi ɗakin Inna. Na durƙusa. Na ce, "Inna, ke ke da gaskiya. Likita ma ta ce haka. Ki yafe mini, ki ba shi da hannunki."

Ta dubi ƙwaryar, ta dubi yaron har ya yi mata dariya. Na ga yatsanta ya motsa, sai ta tura hannun cikin zane.

"Na yafe maka tuni. Amma yau ma don likita ta faɗa ne ka zo. Gobe in ta sake magana fa? Ba shi da kanka, mushe."

Nan gabanta na lakata na sa mishi a baki. Yatsana ya yi mishi girma, rabi ya zube a riga, ita kuwa tana kallo ba ta gyara mini ba.