Kukokin Gwaggo

Yanzu da tsufa ya zaunar da ni, da na idar da sallar azahar na jingina da bango, sai gyangyaɗi ya ɗauke ni ya kai ni gonarmu ta gabas da Dungas. Kullum da damina nake isa. Ƙasa ta sha ruwa tana ƙamshi, gero ya kai gwiwa, can bakin iyaka kukoki tara na tsaye a jere, ganyensu kore shar, iska na kaɗa su a hankali. Sai na farka nake tuna cewa uku ne suka rage, kuma ni na sa aka sare shidan.

Gwaggo ce ta dasa su, yayar mahaifina. Ba ta taɓa haihuwa ba. Da mijinta ya rasu ta dawo gidanmu, aka ba ta ni riƙo tun ranar da aka yaye ni. A wajenmu gona ta mai gona ce, amma itace na wanda ya dasa shi ne, ko da a ƙasar wani. Da wannan ta dogara. Ta jiƙa ƴaƴan kuka ta shuka a fasassun tukwane, da suka tsiro ta kai su iyakar gonar ƙanenta, ta kewaye kowace da ƙaya saboda awaki. Da rani tulu take ɗauka ta kai musu ruwa. Mutane na yi mata tsiya, wai kuka Allah ke shuka ta, ita ko tana gina wa aljanu unguwa. Sai ta ce, "Ku kuna da ƴaƴan da za su ci da ku. Ni ma ina renon nawa." Ko ganye ɗaya ba ta yarda a tsinka ba, wai ba a aiken jariri kasuwa.

Ni kuwa aka kai ni lakwal, wato makarantar boko, na fito na samu aikin rubutu a biron kumandan, ofishin Nasaran da ke mulki a Magariya. Na ɗinka farin wando, na koyi sa hannu mai lanƙwasa, kaina ya kumbura har hula ta nemi ta ƙi shiga. Shekarun gyaɗa ke nan, manyan motoci na zuwa suna lodin buhuna, kowa na faɗaɗa gona. Mahaifina ya rasu, gonar ta dawo hannuna, na sayi garmar shanu. Lokacin kukokin sun ninka tsayin mutum, sun fara ba da ganye, saiwarsu ta kutsa cikin gona tana kama garma.

Na same ta a ƙofar ɗakinta tana kaɗi. Na ce, "Gwaggo, so nake a cire kukokin nan. Wurin da suka tare zai ba da gyaɗa mai yawa."

Ba ta ɗaga kai daga mazari ba. "To, malam akawu, ranar da ƙafata ta ƙi kai ni rijiya, wa zai ci da ni?"

"Ni mana. Ina da albashi duk wata. Kuma wanda ya yi wa gwamnati aiki, in ya tsufa ana ba shi kuɗi har ya mutu. A rubuce yake a takarda."

"Takardar ta san sunana?"

Na yi dariya na ce ai ta san nawa, ya isa.

Ta ce, "Ɗan nan, kai kana da ƙafa. Kuka ba ta da ita."

Itacen nata ne, babu alƙalin da zai ba ni gaskiya. Amma na san ba za ta kai ƙarar ɗan da ta goya ba, kuma da wannan na cuce ta. Na kawo masu gatari, suka yi kwana biyu, suka tone har saiwa. Ukun da ke kusurwa, inda tsakuwa ta hana garma zuwa, su kaɗai aka bari. Gwaggo ba ta je gonar ba. Ta aika dai a kawo mata ɓawon, ta zauna ta tuƙa igiya da shi.

Shekara ba ta zagayo ba aka mayar da ni aiki can gabas, bakin tafki, tafiyar kwana da kwanaki a kan raƙumi. Na yi aure a can, ƴaƴa suka zo, albashin da nake taƙama da shi ya koma ba ya ganin ƙarshen wata. Nakan ba fatake dala hamsin su kai wa Gwaggo, wani lokaci saƙon ya isa, wani lokaci in ji shiru. Da yamma in zauna ina kallon ruwa da farin yashi, in ga kamar tana tafe da tulunta, sai in ce baɗi zan je. Baɗi ta yi ta zama baɗi har sau bakwai.

Na dawo a shekarar da ake ta zancen Nasara zai tafi. Gyaɗa ta tsotse gonar, sai rairayi. Gwaggo kuma idonta ya yi hazo, ƙafa ta ƙi kai ta rijiya, kamar yadda ta faɗa. Amma da hatsi a rumbunta. Wata maƙwabciya ta ba ni labari: duk kaka ana saro mata ganyen kukokin nan uku, a shanya a inuwa, ita ta daka da kanta a zaune. Ranar kasuwar Mallawa a kai garin kukar, ƴan tsallaken iyaka su saye. Da shi take sayen gero da gishiri, da shi take biyan lanho, wato haraji.

Da ta ji muryata ta miƙo hannu ta shafa fuskata, ba ta yi mini faɗa ba. Ta sa aka tuƙa tuwo. Miyar kuka ce, da daddawa da ɗan barkono, babu komai bayan haka. Na kai loma ɗaya, kunya ta hana ni ƙarawa. Ta ji hannuna ya tsaya a bakin akushi.

Ta ce, "Ci mana, ɗan nan, ƙannenka ne suka yi cefane. Da suna nan su tara, da ka tarar da nama a ciki."