Ƙishirwar Manaja

A unguwarmu ta bayan kamfanonin Challawa ba mu cika damuwa da agogo ba. Jiniyar ƙarfe shida na kaɗawa, 'yan aikin rana su fito, 'yan aikin dare su shiga, mu kuma yara mu san Iya ta kusa hura murhu. Iya kakata ce, ita ta haifi Baba. Rogo da gyaɗa take dafawa da yamma domin ma'aikatan da ke sammako. Da mun dawo sallar magariba sai mu zube a tabarma kusa da tukunyarta, ni da ƙanwata Binta da 'ya'yan maƙwabta. Wutar lantarki ba ta cika leƙo mu ba, don haka murhun Iya shi ne talabijin ɗinmu, tashar kuma guda ɗaya ce.

A nan aka haife ta, tun wurin yana gonaki. Takan nuna katangar wani kamfanin fata da muciya ta ce, "Inda tirelolin nan ke kwana, nan na shuka rama har na gaji." Maigida take kirana, saboda sunan mijinta aka sa mini, kuma kullum sai mun taɓa.

"Maigida, yau ma ba cefane?"

"Ai na sake ki tun jiya, Iya. Tsufan ya yi yawa."

"Miji ba wando mai kyau, sai baki. Matsa ka tura mini itacen nan."

Ina da shekara goma na tsinci hawainiya. Da bazara ne, ranar da ko ƙadangare sai da ya nemi inuwa. Ina dawowa daga makaranta na hango ta a tsakiyar kwalta, wai za ta tsallaka. Ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta tsaya ta yi shawara da danginta na Jigawa, ta fasa, ta sake ɗagawa. Ga tirela maƙare da fatu ta taho. Na sa kara na ɗauke ta, na jefa a jakar littattafai. Tafiyar nan ta ƙasaita, da idanun da ɗaya ke duban gabas ɗaya yamma, su suka sa na raɗa mata suna Manaja.

Matsalar ita ce Umma. Mahaifiyata ba ta tsoron kunama, ba ta tsoron ɓera, Baba ma lallaɓa ta yake yi, amma ta yi imani in hawainiya ta tofa wa mutum yawu fatarsa za ta yi dabbare-dabbare har ya mutu. Ta taɓa ganin wata hawainiya a kan zogalenmu, ta bar miya a wuta, sai a gida na uku aka samo ta. Saboda haka na kai Manaja lungun da ke bayan ɗakin Iya, inda ake tara itace.

Gidanta na farko bokiti ne marar mariƙi, irin waɗanda Baba ke kawowa daga kamfanin robar da yake aiki a Sharada. Na rufe da faranti. Kafin la'asar na tarar ta yi baƙi ƙirin, baki buɗe, kamar wadda aka turara. Na gane iska take so. Washegari na kwaso guntayen katakon da ake zubarwa a bayan kamfani, na roƙi ragowar ragar taga a wurin kafintan bakin titi, na miƙar da tsofaffin ƙusoshi da dutse. Ƙusa ɗaya, yatsa ɗaya, haka muka yi ta yi har kejin ya tsaya. Ya ɗan karkace, amma a idona ko mai kamfani bai kwana a irinsa ba. Na kafa mata busassun rassa biyu, na ajiye mata kwanon ruwa, na gutsuro mata tuwo.

Ba ta kalli tuwon ba. Na kawo shinkafa da wake, ta juya mini ido ɗaya. Na sadaukar da yankan naman miyata, abin da ban taɓa yi wa ɗan Adam ba, ta juya mini ɗayan. Sai da ƙudaje suka taru a kan tuwon na ga abin mamaki: harshe ya fito, tsawonsa daga nan zuwa Kumbotso, ya koma da ƙuda kafin in ƙifta. Ashe mai rai take ci. Daga ranar na zama mafarauci, ba fara ba gyare, duk wanda ya gan ni da leda sai ya yi ta kansa.

Ruwan ne ta ƙi taɓawa. Na canza na famfo da na randa. Na kawo na leda mai sanyi. Har zoɓo na gwada. A kwana na biyar idanun nan masu yawo suka faɗa ciki, fatarta ta yamutse, ta sauko daga reshe ta kwanta a ƙasan keji. Fara ta bi ta kan hancinta, ba ta motsa ba. Na kama ta na tura bakinta cikin kwanon, ta yi huci, ta kau da kai. Na san mutuwa take yi, ga ruwa a gabanta, kuma ba wanda zan tambaya. In Umma ta ji, Manaja za ta tashi sama ta bayan katanga ta faɗa kwatar ruwan jimar fatu, ni kuma sai na yi mako ina kwanan rub da ciki.

Da yammar nan na zauna a bakin murhu ban ce uffan ba. Umma na gefe tana tsince shinkafa.

"Maigida, bakin ya shiga yajin aiki ne?" in ji Iya.

Na ce kaina ke ciwo. Ta dube ni, ta dubi wuta, ta gyara zama.

"To ga wata nan tafe, a hankali take takawa."

"Ta ƙaraso, mun share mata wuri!" yara suka amsa.

"Hawainiya ce ta tashi baƙunta."

"A'uzubillahi!" Umma ta ɗago. "Iya, duk dabbobin duniya a rasa ta wadda za a yi sai wannan abar?"

"Wanda ya yi ki shi ya yi ta. Tsince shinkafarki."

Wai a zamanin da kogin Challawa ke da ruwan da ake ganin yashin ƙasansa, fari ya kori hawainiya daga jeji, ta sauka a gidan kwaɗo. Kwaɗo mutum ne mai son a ce ya yi. Ya tara maƙwabta, ya kumbura wuya, ya nuna mata kogi ya ce, "Baƙuwa, daga nan har inda idonki ya tsaya, na ba ki. Sha!" Hawainiya ta taka a hankali ta leƙa. Sai ta ga wata hawainiyar a cikin ruwan tana kallonta. Ta yi sallama, waccan ta motsa baki amma ba ta amsa ba. Ta sake riga ta koma kore don girmamawa, waccan ma ta sake. Sai ta ja da baya ta ce a ranta, ruwan nan da mai shi, kuma ba ta yi mini izini ba. Ta hau reshen rama ta zauna da ƙishirwarta.

Iya takan yi muryar kwaɗo da kumatu a kumbure, har sai Binta ta faɗi don dariya. "Ni za a wulaƙanta? Na ba ta kogi guda! Me take so, teku?" Ya kawo mata a ƙwarya, ta leƙa, ta ga mai ruwan ta riga ta shiga. Ya kawo a kasko, haka. Kwana uku yana zagaya gari yana faɗin alherinsa, baƙuwa kuwa tana bushewa a kan reshe.

Sai uwar kwaɗo, tsohuwa mai ido ɗaya, ta ce, "Kai dai ka iya bayarwa, ba ka iya kallo ba. Ka taɓa ganin danginta sun sunkuya a bakin rafi?" Ta ja jiki ta hau dutse, ta faɗa ruwa, tsulum! Ruwa ya fantsama ya jiƙa ganyen ramar. Ɗigo ɗaya ya gangaro, yana ƙyalli, ya tsaya a bakin ganye daidai hancin hawainiya. Ta duba da idon dama, ba kowa a ciki. Ta duba da na hagu, ba kowa. Ta ce, "Wannan da ƙafarsa ya zo." Ta lashe. Tsohuwa ta yi ta faɗawa ruwa har baƙuwa ta ƙoshi. Tun daga ranar, in ji Iya, Allah ke aiko wa hawainiya raɓa kowace asuba, don tsohuwar kwaɗo ta huta.

"Ta ƙare. Mai kunne ya ɗauki rabonsa."

Yara suka watse. Ni kuwa ina zaune. Iya ta miƙo mini tsintsiya, ta ɗaga murya yadda Umma za ta ji.

"Maigida, gobe da asuba ka share mini lungun itace. Ka yayyafa ruwa, kada ka tayar mini da ƙura." Sai ta rage murya. "Sama za ka yayyafa, ba ƙasa ba. Kuma busasshen reshe ba ya riƙe ruwa. Ga zogale can, ba a sa masa kwaɗo da mukulli ba."

A lokacin na tuna tagar ɗakinta lungun take kallo. Duk ƙusar da na buga, da duk ihun da na haɗiye, a kunnenta aka yi.

Ana sallame sallar asuba na faɗa lungu. Manaja na nan kwance, sai cikinta da ke ɗan motsi. Na karyo rassan zogale masu ganye na cika kejin, na ɗora ta a kan na ƙasa. Na tsoma tsintsiya a bokiti na yarfa ta saman raga, na sake, har ganye ya ɗauki ɗigo ko'ina. Na tsuguna. Jiniyar safe ta kaɗa. Masu Keke Napep suka fara zuba ma'aikata a bakin titi. Ƙafata ta yi tsami, na tsufa, na yi furfura a wurin. Can sai ido ɗaya ya juya. Ya bi wani ɗigo da ke gangarowa. Ta miƙa hannu ta kama reshe, ta ja jiki, ta buɗe baki kaɗan, ta taɓa ganyen da harshe. Na ga maƙogwaronta ya motsa.

"Ta sha?" Muryar Iya ce ta taga.

"Ta sha, Iya! Wallahi ta sha!"

"To rufe bakin, kada ƙudaje su shige ka hana ta karin kumallo."

Daga nan Iya ta zama shugabar ma'aikata, ni lebura. Yayyafi safe da yamma. Ta sa na huda gorar roba da allura na rataye a saman kejin, tana ɗiga a kan ganye duk wuni. Ta sa na ɗora kejin a kan tsohon duro, wai hawainiya 'yar sama ce, ba ta son a tsaya mata a ka, ga kuma kyanwa. Da hantsi a bar ta ta sha rana, rana na yin zafi in rufa buhu a gefe ɗaya. Ganye in ya yi yaushi a canza, ƙasan keji a share kullum. Ta hana ni kamo fara a gindin katangar kamfani, inda ake feshin magani. Abin da ya fi mini wuya shi ne dokar hana ɗauka. Ni so nake in ɗora ta a kan hular Baba in ga ko za ta yi zane-zane. Iya ta ce, "Kai in aka dinga ɗaga ka ana nuna wa mutane, launi nawa za ka canza?"

Bayan mako biyu Umma ta zo ɗibar itace. Ihun da ta yi, na tabbata an ji shi a Bompai. Ta fito da muciya, ta nufo ni. Iya ko tashi ba ta yi ba.

"Baƙuwata ce. A bayan ɗakina take."

Umma ta tsaya da muciya a sama. Surukarta ce, ba yadda za ta yi. Tun daga ranar dai ba ta sake taka lungun ba, ɗibar itace ta dawo kaina gaba ɗaya. Manaja ta yi damina biyu tare da mu, ta yi ƙiba har reshe na lanƙwasa.

Yanzu shekarata goma sha bakwai, kuma na daɗe da sanin cewa hawainiya ba sallama take jira ba, ruwan da ba ya motsi ne ba ta gane shi. Amma bara, da ciwon ƙafa ya kwantar da Iya aka daina hura murhun yamma, na sake ganin kwaɗo da koginsa a cikin gidanmu. Matar da ta shekara hamsin tana ciyar da mutane, yanzu ita ake kai wa tire. Umma ta yi farfesu, Baba ya kawo lemo da madara, a jere mata a gaba a ce, "Iya, daure ki ci." Ta ce ta ƙoshi. A fito ana cewa an yi mata komai ta ƙi. Ni ma na faɗa, har da rantsuwa, tana ta ramewa muna ta lissafa abin da muka kai mata.

Wata rana na ɗauki kwanon tuwona na shiga ɗakinta, na zauna a bakin gado na fara ci, ban ce mata ga shi ba. Na ɓata fuska.

"Umma ta kashe miyar nan da gishiri."

"Ƙarya kake. Uwarka ba ta cika gishiri."

"To ɗanɗana ki ji."

Ta gutsura, ta tauna. "Bakinka ne ya lalace." Ta sake gutsura don ta tabbatar. Kafin mu gama gardama rabin kwanon ya tafi.

Kullum yanzu a ɗakinta nake cin tuwon dare, kuma kullum sai na samo wa miyar laifi. Jiya na ce daddawa ta yi yawa. Ta dube ni.

"Maigida, kana zaton ban gane ba ne?"

"Gane me, Iya?"

"Matso da kwanon. Hannuna ba ya kaiwa."