Kawu Habu da Takardar Ƙungiyar Masu Saluki

Ku da kuka zauna da Kawu Habu a nan Doha kun san ba a yi masa tambaya ya amsa kai tsaye. Ka ce, "Kawu, ka ci abinci?" sai ya dubi hagu, ya dubi dama, ya rage murya ya ce, "Wa ya ce ka tambaye ni?" Ƙanen mahaifiyata ne, a hannunsa na sauka lokacin da na zo aikin gwajin jini a asibiti, amma shekara takwas ban taɓa jin ya faɗi ranar da zai tafi hutu gida ba. Sai dai ka kira shi ka ji yana Ningi.

Gadi yake yi a wata gona can bayan Al Wukair, inda kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki, ke ajiye raƙuma da karnukan farauta, dogayen nan masu shafaffen ciki da Larabawa ke kira saluki. Kawu ɗan maharbi ne, cikin karnuka ya tashi, amma ya ɓoye hakan shekara da shekaru don kada a ƙara masa aiki. Abin da ya tona shi wata karya ce da ta samu karaya wajen tsere. Likitan dabbobi ya ce ta gama gudu. Kawu ya kasa haƙuri, ya yi mata ɗori da reshen dabino kamar yadda babansa ke yi, ya yi ta jinya har ta miƙe. Kafil ya gani ya ce, "Khalas, shi ke nan, taka ce." Kawu ya sa mata suna Ba-ruwana. Ya ce in wata magana ta taso, sunan ma shaida ne.

Da ta warke aka haɗa ta da karen da kafil ya fi ji da shi, ta haifi 'ya'ya shida. A nan tashin hankali ya fara. Kafil ya miƙa masa wata takarda ya ce tunda ya zama mai kiwo, ya shiga ƙungiyar masu saluki, su yi wa 'ya'yan rajista a ba su takardar asali. In babu ita, ba su shiga tsere, kuma babu mai kiwon kirki da zai karɓe su.

Ranar Juma'a bayan masallaci sai ga shi a ɗakina a unguwar Matar Ƙadim, da takardar cikin leda uku. Sai da ya sa na kulle ƙofa.

"Sadisu, karanta mini a hankali. Kada ka tsallake ƙananan rubutun, a nan suke ɓoye mutum."

Na karanta: sunan mai kiwo, lambar katinsa, sunan uwar karnuka, sunan ubansu, sunan kakanninsu ta wajen uwa da ta wajen uba.

"Kakannin wa?"

"Na karnukan, Kawu."

Ya cire hula ya share gumi. "Ni da aka ba ni biza na shigo ƙasar nan, ba wanda ya tambaye ni sunan kakana. Yanzu kare ya fi ni asali ke nan?"

Na ce masa abin alheri ne. Za su koya masa allurar rigakafi, su haɗa shi da masu kiwo na gaske, in kare ya yi ciwo yana da wurin zuwa. Ya ce duk wanda ya jero maka alheri uku a jere, akwai na huɗun da bai faɗa ba. Ya mayar da takardar cikin ledojinta ya tafi.

Sati shida ya yi yana yawo da ita. Malamai uku ya tambaya a kan kiwon karen farauta. Na farko ya ce babu laifi, Kawu bai yarda ba don wai ya amsa da sauri. Na biyu ya ce babu laifi amma a kula da tsarki, Kawu ya ce ai wannan ɗan Kano ne, su komai da sauƙi. Na uku ya ce bari ya duba littafi, ya kira shi gobe. Kawu ya kashe waya kwana biyu.

Sai maganar hoto. Wani direba, Alhaji Tanko, ya gaya masa ƙungiyar tana sa hotunan 'ya'yanta a intanet tare da karnukansu. Kawu ya kira ni ina wurin aiki. A gida, ya ce, matarsa Inna Talatu tana gaya wa mutane shi manajan gona ne. Ga 'yarsa Rabi tana aure gidan limami. "Ka ga surukina ya buɗe waya ya gan ni rungume da kare? Da wane ido zan zauna a zaurensa?" Ya rame, wallahi. Abinci ma sai ya tsakura ya ture.

Kafil kuma ya fara tambaya, yau ya ce yalla, gobe ya ce yalla, wato dai a yi sauri. Da na ga abin zai taɓa aikinsa, na ce ranar Asabar zan zo da mota mu je ofishin ƙungiyar a wajen Al Rayyan, ko tambaya ce mu yi mu dawo.

Na same shi a bakin gona cikin babbar riga, ya yi wanka da turare, yana rungume da kwali. Ya shiga baya ya ɗora kwalin a cinya. Mun yi nisa kafin na ji kwalin yana motsi.

"Kawu, me ke ciki?"

"Tuƙa motarka."

"Kujerun nan sabbi ne, kuma a nan nake ajiye dardumar salla."

Ya buɗe murfin. Na duba ta madubi, na ga wani abu ja, gajeren ƙafa, kunnuwa a tsaye, wutsiya a nannaɗe. Ko makaho ya shafa ya san wannan ba saluki ba ne.

Sai ya fara magana, kansa a ƙasa. Biyar sun fito sak ubansu. Wannan na shidan kuwa, tun yana sati uku ya gane. Akwai wani jan kare da ke yawo wajen masaukin leburori, kuma akwai ranar da ya tafi sallar la'asar ya manta bai saka sakatar keji ba. Tun daga nan yake ɓoye ɗan a ɗakinsa duk ranar da kafil zai zo. Ashe ba kakanni ba ne, ba malamai ba ne. In ƙungiya ta zo duba 'ya'ya ta ga wannan, za a ce ya haɗa jini yana son ya cuci mutane, sunan karen kafil ya ɓaci a cikin 'yan'uwansa, shi kuma mai gadin da ya kasa gadin karya ɗaya a sa shi a jirgi. Shekararsa hamsin da tara, yara huɗu suna makaranta.

Na ce, "Kawu, ka rubuta biyar mana. Wa ya ƙirga?"

Ya ɗago ya dube ni kamar na zagi uwarsa. "Shida ta haifa."

"To me ya sa ka ɗauko shi?"

"Gara su gani a hannuna da su gani a ƙarƙashin gadona."

A ofishin muka tarar da wani dattijo Balarabe yana shan gahawa. Kawu ya yi sallama, ya ajiye kwalin a kan tebur, ya ja da baya ya tsaya kamar mai jiran hukunci. Da Larabcinsa na gadi ya zayyana komai, har da sakata da sallar la'asar. Ni ina bayansa ina lissafin yadda zan gaya wa mahaifiyata an kori ƙanenta saboda kare.

Dattijon ya ɗaga ɗan ta ƙeya, ya juya shi, ya dubi kunnuwan. Sai ya fara dariya har gahawa ta sarƙe shi. Da ya huce ya ce wannan ba sabon abu ba ne, ciki ɗaya yana iya ɗaukar uba biyu. Za a gwada biyar ɗin, in sun tabbata a ba su takarda, wannan kuwa ba shi da ita. Ya ce mutane da yawa sun zo masa da biyar sun bar na shida a gida, yau ya ga wanda ya bar biyar ya zo da na shida. Ya tambaya ko shi ne mutumin da ya ɗora ƙafar karyar nan da likita ya sallama, don labarin ya iso su. Ya tura masa biro.

Kawu ya dubi biron. Ya juyo gare ni da Hausa: "Ka ga yadda ya yi saurin yarda? Akwai wani abu."

"Kawu, don girman Allah ka sa hannu."

Ya sa, amma sai da ya yi sharaɗi uku: shi zai gaya wa kafil da bakinsa, ba mai raba shi da na shidan, kuma ba hoto. Na ƙarshen ne bai samu ba, don katin ƙungiyar sai da hoto. Ku da kuka ga katin kun san yadda ya fito, ya runtse ido kamar ana cire masa haƙori.

Kafil da ya ji, cewa kawai ya yi a canja sakata. Inna Talatu kuwa, sai da Kawu ya yi kwana huɗu yana shirya yadda zai gaya mata. Ina zaune ya kira ta, ya yi ta kewaye-kewaye. Ta ce, "Malam, shekara nawa ina kakkaɓe gashin kare a jikin kayan da kake aikowa? Liman ma ya sani. Cewa ya yi in ka tashi zuwa ka taho masa da maganin ƙuma, kajinsa sun dame shi."

Shekara biyu ya yi a ƙungiyar. Bai taɓa fashin taro ba, kuma bai taɓa zama nesa da ƙofa ba. Suna kiransa duk lokacin da kare ya karye, ya je yana gunaguni, ya dawo yana ba da labari.

Ciwon ƙirji ne ya ɗauke shi, kwana uku a asibiti. A rana ta biyu ya riƙe hannuna ya ce in gaya wa sabon mai gadi jan nan na shida ba ya cin abinci in ana kallonsa, a ajiye masa a juya baya. Shi ne wasiyyar da ya fi nanatawa. Dattijon nan na ofis yana sahun gaba a jana'iza.

Mutum ne da ya ji tsoron komai a duniya, amma tsoro bai taɓa sa shi ya yi ƙarya ba. Ya Allah, Kai ka san bawanka Habu bai taɓa barci da ido biyu a rufe ba. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka gafarta masa, Ka kwantar masa da hankali a inda babu sauran fargaba. Amin.