Jan Tsauni da Koren Tsauni

Ni da ban taɓa ganin dusar ƙanƙara da idona ba, na yi shekara uku ina karanta hasashenta kowace safiya a tsakar gidanmu da ke unguwar Barade a Jalingo, gumi na bin bayana. Autanmu ne ya ja mini. Ya tafi Turai karatu, karatun bai ƙare ba, ya samu aiki a wani tsauni inda masu hali ke zuwa wasan zamiya. Aikinsa tsayawa a gindin kujerun da igiyar ƙarfe ke ja zuwa ƙololuwa, yana zaunar da mutane, su hau, su sulalo ƙasa a kan katako biyu, su sake hawa. Da ya fara ba mu labari na ce lallai ƙoshi ya yi wa mutanen nan yawa.

Baba bai yi dariya ba. Shi tsohon direba ne, ya ƙarar da ƙarfinsa tsakanin Jalingo da Gembu, ya san sanyin Mambila, ya san hazon da ke rufe hanya har ka kasa ganin hancin motarka. Lokacin ciwon sukari ya riga ya cinye masa ido. Tambaya ɗaya ya yi wa ɗansa a waya: "In iska ya tashi a kan dutse, suna rufe hanya?" Auta ya ce suna rufewa, kuma ranar ce kaɗai hutunsa, ranar zai riƙa kira.

Auta ne ya koya mini buɗe shafin wurin a wayata. Akwai hoton tsauni. In kore ne, an buɗe, ana wasa, yana bakin aiki. In ja ne, iska ko ƙanƙara ta yi yawa, an tsayar da kujeru. A ƙasa suna rubuta zurfin ƙanƙarar da ake sa ran za ta sauka. Baba ba ruwansa da santimita.

"Ya kai ina?" zai tambaya, yana juya kununsa.

"Idon sawu, Baba."

"Ƙaramin abu. Yau yana aiki."

Ranar da na ce ta kai gwiwa, tsauni ja, Baba zai yi wanka tun kafin in fita kasuwa, ya sa a fito masa da kujerarsa ƙarƙashin mangwaro, ya ɗora ƙaramar wayarsa a cinya. Kuma wayar takan yi ƙara. In na dawo daga shago sai in tarar da shi cike da labari, wai ƙanƙara ta binne motar shugabansu, wai wani tsoho ya faɗi ya tashi yana dariya. Maƙwabta har tsokanarsa suke yi, suna cewa duk Jalingo shi kaɗai ne mai addu'ar mugun yanayi. Yakan ce, "Ku bar ni, kowa da daminan shi."

A shekara ta biyu kiran ya fara tsallake wasu jajayen ranaku. A ta uku, bayan Kirsimeti, ya tsaya cak. Ba mutuwa auta ya yi ba, ba ciwo ba, kar wani ya ba shi uzurin da bai nema ba. Ina ganin hotunansa, ya yi ƙiba, ya tara gemu. In na tura saƙo ya karanta, bayan kwana biyu ya rubuto, "Yaya, zan kira." Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi masa zagin da ni kaina na ji kunyarsa. Har yau ban san abin da muka yi masa ba, kuma wannan rashin sanin ya fi komai cin raina.

Sau uku na ce wa Baba ja ne, sau uku ya yi wanka ya zauna har rana ta faɗi. A na ukun na dawo na same shi yana shafa madannan wayar da babban yatsa, yana tambayar ko netwok ne. Daren ranar ban ci abinci ba. Washegari tsaunin na nan ja wur, na dube shi na ce, "Kore ne, Baba. Mutane sun cika wurin."

"To, Allah ya ba shi ƙarfi," in ji shi.

Daga nan ban sake ganin ja ba. Na zama gwanar ƙarya. Ina ƙara ƙanƙara, ina rage ta, ina kawo rana mai haske, ina kawo 'yan makaranta hutu don layi ya yi tsawo. Zafin Maris ya zo, muna kwana a waje, ni ina saukar da ƙanƙara. Ista ta wuce. Shafin ya daina nuna komai sai ciyawa da shanu da rubutu cewa an rufe sai wata shekara, ni ban rufe ba. Ban san yadda ake tsayawa ba.

Wata safiya a watan Yuni, an kwana ana ruwa, masarar bayan gida ta kai ƙugu, na zauna kusa da Baba na ce ƙanƙara ta sauka har gwiwa amma an share, kore ne.

Ya ajiye kofin kunu a hankali. "Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "shi da bakin shi ya gaya mini tun shekaran farko. In mun fara shuka, su sun rufe dutse. Ƙanƙara ya narke tuntuni."

Na rasa inda zan sa fuskata, duk da ba ya ganina. Na ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Tun kafin Ista. Direba ne ni, na san lokaci."

"Me ya sa ba ka ce komai ba?"

"Kina ƙoƙari. Kuma in kin ce yana aiki, ina ganin shi a tsaye da lafiyan shi." Ya lalubo hannuna. "Amma gobe ki ce ja ne. Na daɗe ban jira shi ba."

Na yi kuka a shago ranar har mai manja ta gefena ta zo ta karɓi cinikina. Na tura wa auta saƙo ba zagi, na ce Baba zai jira ka gobe. Alamar ta nuna ya karanta.

Da safe na ce, "Ja ne, Baba. Iska ta tashi, an tsayar da kujeru." Ya yi wanka, ya sa rigarsa ta zuwa coci, na fito masa da kujera. Ban je kasuwa ba. Muka zauna tare, inuwar mangwaro ta zagaya, muna matsar da kujera muna binta. Sau ɗaya wayar ta yi ƙara, ya zabura, ashe saƙon talla ne.

Da rana ta faɗi ya miƙo mini wayar, ta yi ɗumi saboda riƙo.

"Iskan ya yi yawa, ya lalata musu netwok," ya ce. "Kar ki ji haushin shi. Sa mini a caji."

Baba bai kai Kirsimetin shekarar ba. Wayar tana nan a ɗakina, kuma har yanzu ina sa ta a caji.