Rigar Sanyi a Tashar Achida

Ladidi mai fura ba ta san sunansa ba. Dogon tsoho ne, yana zaune kan benci yana jiran motar Goronyo, sanye da rigar sanyi a ɓalle har wuya. Ga shi kuwa bazara ta kankama, mangwaro ya cika kasuwa, zufa sai bin gemunsa take yi.

A ganinta manomi ne da bai kai taki gona ba, bai kuma taɓa rufin ɗakinsa ba. Muddin rigar nan tana jikinsa, ai da sauran lokaci.

Sai ga shamuwa ta sauka kan tsamiya da kara a baki.

"Baba, ga shamuwa ta zaka," in ji Ladidi. "Damana ta kusa."

Ya ɗaga kai, ya daɗe yana hararar tsuntsuwar.

"Wagga baƙuwa ta. Wucewa takai."

Shamuwa ta ajiye karan, ta je ta ɗauko wani. Can tsohon ya cire maɓalli ɗaya, ya matso, ya rage murya.

"Ɗiyata, ina rumfar masu hauya?"